Tsarin Ƙauyen Aro: Yadda Farfesa Lambo Ya Mayar da Jinyar Masu Taɓin Hankali Cikin Jama'a

A zamanin mulkin mallaka, duk wanda ya samu taɓin hankali a Najeriya makomarsa sau da yawa ita ce gidan killace mahaukata, irin wanda aka buɗe a Yaba da ke Legas a 1907, ko kuma kurkuku. Dokar da Turawa suka kafa a 1916 ta fi damuwa da tsare mara lafiya fiye da neman warakarsa. Wannan yanayi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo ya tarar sa'ad da ya dawo gida a 1954.

An haifi Lambo a Abeokuta a 1923. Ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, sannan ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Da dawowarsa aka ba shi ragamar asibitin Aro da ke gefen Abeokuta, alhali ba a kammala gininsa ba. Rashin ɗakunan kwanciya ya sa ya nemi haɗin kan dagatai da mazauna ƙauyukan da ke kewaye, domin su ba marasa lafiya masauki a gidajensu bisa kuɗin haya.

Sharaɗin shiga tsarin shi ne kowane mara lafiya ya zo da ɗan'uwa, kamar uwa ko mata ko ƙanwa, wanda zai riƙa dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya kuma raka shi asibiti. Da rana ana duba shi, a ba shi magani, a saurari damuwarsa. Daga nan sai ya koma ƙauye ya shiga harkokin yau da kullum tare da sauran jama'a, a gona ko kasuwa ko wurin ibada.

Hujjar Lambo ita ce, baligi mutum ne mai iyali da sana'a da mutunci a cikin danginsa. Idan aka raba shi da waɗannan na tsawon shekaru, ko da ciwon ya lafa, komawa gida kan gagare shi, domin dangi sun saba da rashinsa, jama'a kuma sun riga sun yi masa tambari. Ɗan'uwan da ya zauna tare da shi kuwa yana ganin sauƙin da idonsa, yana kuma koyon alamomin dawowar ciwon.

Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya na Yarabawa cikin aikin, abin da ya jawo masa suka daga wasu takwarorinsa. A ganinsa, su ne mutane ke fara zuwa wurinsu, sun kuma san harshen da mara lafiya ke bayyana tsoronsa da shi. Magani da binciken asibiti dai sun kasance a hannun likitoci.

Tsarin ya ja hankalin duniya. A 1961 Abeokuta ta karɓi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka. Lambo ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, daga nan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai matsayin Mataimakin Darakta-Janar kafin ya bar aiki a 1988. Ya rasu a 2004.

A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Ta kare haƙƙin mara lafiya, ta kuma ƙarfafa kula da shi a cikin al'umma. Aiwatar da ita na buƙatar ma'aikata masu horo a ƙananan asibitoci, da iyalai waɗanda za su kai ɗan'uwansu ga likita da wuri maimakon ɗaure shi a ɗaki.