Kudancin Kaduna: Ga kogi a kusa, ga tsadar ruwan sha

Tun da asubahi ake jin ƙarar kurar 'yan ga-ruwa a layukan Kakuri, Makera da Nasarawa, alhali ga Kogin Kaduna kwance a gefensu.

Bayan buɗe masaƙar KTL a 1957, magudanan Kakuri da Makera sun shafe shekaru suna kwarara dagwalon masana'antu cikin kogin. Yawancin masaƙun sun durƙushe, amma shara ta gaje su. Manoman da ke kusa da matatar mai, wadda aka buɗe a 1980, su ma sun daɗe suna kokawa kan gurɓacewar Kogin Romi.

Masu hali sun koma haƙa rijiyar burtsatse. Sai dai duk rijiyoyin ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗaya suke zuƙa. Ran da ya ja baya, ina za a dosa?