Fim ɗin Japan da Ya Tsayar da Hira a Hotoro

A shekarar 2016 kamfanin Kyoto Animation na Japan ya fitar da Koe no Katachi, fim ɗin zane wanda Naoko Yamada ta ba da umarni. Labarin Shoya ne, yaron da ya addabi wata kurma mai suna Shoko a firamare, yana fizge mata na'urar ji yana jifa da ita, har ta bar makarantar. Abokansa ma suka juya masa baya. Ya girma ba ya iya haɗa ido da kowa, shi ya sa aka zana alamar X a fuskokin mutanen da ke kewaye da shi. Daga baya ya koyi maganar hannu, ya tafi neman gafararta.

A waya muka kalle shi a unguwar Hotoro, ni da samarin layinmu da ke aiki a kamfanonin Bompai da Sharada. Da farko raina shi suka yi, wai katun na yara ne. Da aka zo inda Shoko ke ba da haƙuri alhali ita aka zalunta, kowa ya yi tsit. Sai gardama ta kaure. Wasu suka ce Shoya bai cancanci yafiya ba, wasu suka ce wanda ya tuba da gaske ba a korarsa, kuma ni ina tare da waɗannan na biyun.

Ƙanena ya ce, "Yaya, wallahi haka muka yi wa wani kurma a islamiyya." Washegari ya tambaye ni hanyar makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, yana son ya nemi mai koya masa maganar hannu.