DINYA A GONAR SHINKAFA: YAUSHE FARAUTA KE MAGANI?

Manoman fadama sun san ɓarnar dinya da kirinjijiya. Su sauka da almuru, su tsince irin da aka watsa, su tattake shuka, in shinkafa ta nuna kuma su dawo. Da manomi ya ga haka, abin da ke fara zo masa a rai shi ne bindiga. To, kafin a ɗura albarushi, ga labarin waɗanda suka riga mu gwadawa.

ABIN DA YA FARU A AMURKA DA KANADA

Akwai wata farar dinya da ke yin ƙwai a ƙuryar arewacin Kanada, in sanyi ya shigo ta gangaro kudancin Amurka. A da, saiwar ciyawar fadamun bakin teku take tonowa ta ci, kuma ƙarancin abinci yakan rage ta kowace shekara. Da noman shinkafa da masara ya bunƙasa a jihohi irin su Teksas da Luwiziyana da Akansas, sai ta koma gonaki tana kiwon hatsin da injin girbi ya zubar. Ta ƙoshi, mutuwa ta ragu, ta yi ta yaɗuwa har ta kai miliyoyi.

Ɓarnar ta fi tsanani a inda take ƙwai, wato gaɓar tekun Hadsan. Ta tone ciyawa har saiwa, ƙasa ta zama fako, gishiri ya taso, ciyawa ta ƙi komawa.

Tun yarjejeniyar 1916 aka hana harbin irin waɗannan tsuntsaye daga 10 ga Maris zuwa 1 ga Satumba. A 1999 ƙasashen biyu suka sassauta dokar saboda wannan dinya, aka buɗe farautarta a watannin da take komawa arewa. A Amurka har aka cire iyakar yawan da maharbi zai kashe a rana, aka yarda ya yaudare ta da na'ura mai kwaikwayon kukanta.

An kashe da yawa, amma ba ta ragu yadda aka so ba. Dalili kuwa, ta riga ta fi ƙarfin maharba, ta koyi wayo, ga abinci nan zube a gonaki bai yanke ba.

DARASI GARE MU

Kun ga ke nan, sai da masana suka yi shekaru suna ƙidaya kafin hukuma ta ba da izini. Ganin garke a gonarka ba shi ne shaidar tsuntsu ya yi yawa a ƙasa ba. Sau da yawa ruwa ne ya janye a wasu wurare, duk suka taru inda ya saura. Kuma muddin gona na ciyar da tsuntsu, in ka harbe goma wasu za su maye gurbinsu.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

1. Ku yi shuka lokaci ɗaya da maƙwabtanku, don kada ɓarna ta taru kan gona guda.
2. Cike gurbin da shuka ba ta fito ba. Tsuntsun ruwa ya fi son sauka inda ya hango ruwa fili.
3. Tsananta gadi da asuba da almuru, musamman bayan watsa iri da lokacin nuna.
4. Kafa mutum-mutumi da igiya mai gwangwanaye, ka riƙa sauya musu wuri bayan 'yan kwanaki. In sun daɗe a wuri ɗaya tsuntsu ya saba da su.
5. Yanke shinkafa da zarar ta nuna, ka buge ta, ka kwashe. Kada dami ya kwana a gona ba dalili.

GARGAƊI

Kada ka kuskura ka zuba guba ko maganin ƙwari a hatsi don tsuntsaye. Zai kashe kifi da kaji da dabbobi, naman kuma kasuwa za a kai shi, wataƙila iyalinka ne za su ci. Kada ka yi harbi da damina, lokacin da dinya ke kan ƙwai. Wuraren da aka keɓe, kamar Dagona a ƙasar Bade, an hana farauta a cikinsu.

In ɓarna ta fi ƙarfinku, ku haɗu ku sanar da malamin gona da ma'aikatan gandun daji, su zo su gani da idonsu. Su ne za su faɗi ko harbi ya halatta, da lokacinsa, da adadinsa. Rigakafi dai ya fi magani.