Soda da Ruwan Batir: Mu Gane Alamar Haɗari

'Yan'uwa, mata da yawa a ƙauyukanmu suna samun abin biyan bukata ta wurin yin sabulu. Amma sodar da ake haɗa sabulun da ita tana cin naman jiki, haka ma ruwan batir. In aka narkar da soda takan yi fari tas kamar ruwan sha, kuma ba ta da wari. Shi ya sa yara kan kurɓe ta. Takan ƙone hanyar abinci, bayan 'yan makonni wurin ya tsuke har yaro ya kasa haɗiye tuwo.

Yadda alamar take

A shekarar 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsari guda na alamun haɗari domin dukan ƙasashe. Ku duba jikin buhu ko jarka. Alamar tana da kusurwa huɗu da jan baki, tana tsaye a kan kusurwa ɗaya. A ciki akwai ƙananan kwalabe biyu suna ɗiga ruwa, ɗaya a kan hannu, ɗaya a kan ƙarfe, duka biyun suna cinyewa. Ko wanda bai yi karatu ba zai gane ta. Wanda ya sayi soda a awo kuwa, ba alama a ledarsa, sai ya zana tasa.

Lokacin aiki

- Ku sa safar hannu ta roba da tabarau.
- Ku zuba soda cikin ruwa kaɗan-kaɗan. In aka zuba ruwa a kan soda, takan tafasa ta fantsama.
- Ku yi amfani da bokitin roba mai kauri, gama soda tana cin tukunyar dalma.
- Kada a ajiye ta a gorar lemo ko kofin shan ruwa. A kulle ta inda yara ba sa kaiwa.

In tsautsayi ya faru

In ta taɓa fata ko ido, a tuɓe rigar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a je asibiti. In an sha, kada a sa mutum amai, domin za ta sāke ƙona shi wajen fitowa. Kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha.

Shugabannin zumuntar mata, ku karanta wa ƙungiyarku wannan kafin haɗin sabulu na gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.