Cire Mahaifa Ba Tare da Tsaga Ciki Ba

Shirin yau na iyayenmu mata ne, amma magidanta ku ma ku matso kusa da rediyo, don a yawancin gidajenmu sai da yawunku ake zuwa asibiti.

Akwai baiwar Allah da jinin al'ada ke zubar mata kwana goma, wani lokaci da gudaji. Ta yi fari fat, tafin hannunta ba jini, ko hawa babur zuwa kasuwar Rood Woko a nan Wagadugu sai ta tsaya jiri ya sake ta. Mararta ta tasa har maƙwabta sun fara raɗe-raɗin juna biyu. Da aka yi hoton ciki, wato eko, likita ya ce ƙari ne a mahaifa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira fibrom. Ciwo ne da ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma kusan dukansa ba daji ba ne. Wata magani ya ishe ta. Wadda ke neman haihuwa ana iya cire mata ƙarin a bar mahaifar. Amma idan mace ta gama haihuwa, jinin kuma ya ƙi tsayawa, likita kan ba da shawarar a cire mahaifar gaba ɗaya.

Da an ambaci aiki sai gaba ya faɗi, kuma ban ga laifin kowa ba. Mun saba ganin dogon ɗinki a ƙasan cibiya, da kwanaki a gadon asibiti, da mako 6 zuwa 8 kafin mace ta iya ɗaga bokitin ruwa. Wa zai riƙe mata yara? Wa zai zauna mata a rumfa?

To, akwai wata hanya, wadda a asibitocinmu za ku ji ana ce mata seliyoskopi. Bayan an sa mace barci, likita zai huda ciki wuri 3 ko 4, kowace huda ba ta wuce santimita 1 ba, faɗin farcen yatsa ke nan. Sai a hura iskar kabon dayoksaid, fatar ciki ta ɗaga, a samu fili. Ta cibiya ake zura siririn bututu mai kyamara da fitila, ta sauran hudojin kuma dogayen almakashi da abin ƙona jijiya don tsayar da jini. Idon likita na kan allon talabijin, yana ganin komai a faɗaɗe. Idan ya raba mahaifar da abin da ke riƙe da ita, yawanci ta gaban mace ake fito da ita, a ɗinke daga ciki.

Wani likitan Amurka mai suna Harry Reich ne ya fara cire mahaifa ta wannan hanya a 1988, a jihar Pennsylvania, shekara guda bayan Philippe Mouret ya cire matsarmama da kyamara a birnin Lyon na Faransa. A nan gida, manyan asibitocin koyarwa irin su Yalgado Ouédraogo da Tengandogo ne wuraren da ya kamata a fara tambaya, don aikin na buƙatar na'urori masu tsada, da wuta tsayayya, da hannun da ya ƙware.

Galibi kwana 1 ko 2 ake yi a asibiti, zafin ciwo kaɗan ne, mata da yawa kuma sukan koma ƙananan hidimominsu cikin mako 2 zuwa 4. Wasu kan ji ciwon kafaɗa na ɗan lokaci, ragowar iskar ce. Duk da haka tiyata ce babba. Ana iya taɓa mafitsara, ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, kuma idan abu ya cije likita zai buɗe cikin nan take don ya ceci rai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkiri. A yi shekaru ana shan jiƙe-jiƙe, ana ɓoyewa saboda kunya ko tsoron gorin kishiya, har ƙarin ya kai girman cikin wata bakwai. A lokacin ba sauran filin da kyamara za ta juya, dole a koma ga tsagar da ake gudu, ga jiki ba jini sai an nemo masu bayarwa.

Malam maigida, matarka ba ta ragu da komai ba. Al'ada da haihuwa ne suka tsaya, zaman aure yana nan bayan ta warke, aƙalla mako 6 ko yadda likita ya ce. Idan an bar mata jakunkunan ƙwai guda biyu, jikinta zai ci gaba da samar da sinadaransa na mata. Hajiya, ki tambayi likita ko za a bar su, ki kuma tambayi kuɗin aikin tun da wuri, don shirin maganin kyauta da gwamnati ta soma a 2016 an tsara shi ne domin masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da gwajin dajin bakin mahaifa.

Bayan an sallame ki, idan kika ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninki ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada ki jira ranar da aka rubuta miki, ki koma asibiti a ranar.