Makon Shanu a Wata Gunduma ta Ayowa

A gefen garin, bayan an wuce rumbunan hatsi na ƙarfe da gidan mai na ƙarshe, akwai wani fili da aka kewaye da waya. Kusan duk shekara ba kowa a cikinsa sai ciyawa da wasu dogayen rumfunan kwano. Garin kansa ɗan ƙarami ne: titin kasuwa guda, banki, makaranta, majami'u, sai gonakin masara da waken suya iya ganin ido. Haka da yawa daga cikin hedikwatocin gundumomi 99 na jihar Ayowa suke, a tsakiyar Amurka. Idan watan Yuli ya kama kuwa, filin nan yakan cika ya batse. Motocin a-kori-kura su yi ta shigowa suna jan tirelolin dabbobi, ana sauke aladu da tumaki da awaki da zomaye, iyalai suna kafa motocin kwana a ƙarƙashin itatuwa. Makon baje kolin gunduma ke nan, kuma rumfar da ta fi kowace cika da jama'a ita ce ta shanun nama.

Masu shanun yara ne. Ƙaraminsu bai wuce shekara tara ko goma ba, babbansu yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma 'yan mata ba su gaza maza yawa ba. Yawancinsu 'yan ƙungiyar 4-H ne, wadda ake danganta tushenta da wani shugaban makarantun karkara a jihar Ohayo, A. B. Graham, da ya tara yara a 1902 yana koya musu gwajin ƙasa da zaɓen irin masara. Malaman gona na wancan zamani sun lura cewa dattijon manomi ba ya saurin karɓar sabuwar dabara daga bakin ɗan boko, amma idan ya ga ta yi aiki a 'yar gonar ɗansa, shi ke nan an gama. Wata doka ta 1914 ta ɗora aikin wayar da kan manoma a wuyan jami'o'in gona na jihohi, ƙungiyoyin yaran suka shiga ƙarƙashinsu. A Ayowa, jami'ar jihar da ke garin Ames ce ke riƙe da ragamar. Manyan yaran kuma wasunsu na FFA ne, ƙungiyar ɗaliban noma da aka kafa a 1928.

Ba a fafe gora ranar tafiya. San da ake gani yau yana sheƙi a rumfa, tun cikin hunturun Disamba aka kawo shi wannan fili yana maraƙi mai nauyin kilo 320 zuwa 400, aka ɗora shi kan sikeli, aka maƙala masa lamba a kunne, aka rubuta sunan yaron da zai yi kiwonsa. Wanda ake sa ran kai shi babbar gasar jiha har da shaidar ƙwayar halittarsa ake ɗauka, don kada a musanya shi da wani a tsakiyar hanya. Duk mazan an yi musu fiɗiya tun suna ƙanana, domin hakan ke kwantar da halinsu, ya kuma sa naman ya yi laushi. Mai ido irin na mutumin kara zai fara lura da abubuwa biyu: ba tozo, ba ƙaho. Baƙaƙen nan wuluk da suka fi yawa jinsin Angus ne, asalinsu Sikotilan, kuma ba a haifar su da ƙaho. Jajaye masu farar fuska su ne Hereford na Ingila. Akwai farare 'yan asalin Faransa da ake kira Charolais, akwai Simmental na Suwizalan, sai ruwa-biyu masu tarin yawa. Dangin shanunmu masu tozo, wato Brahman da aka samar daga shanun Indiya, sai an gangara kudu wajen Teksas inda zafi ke da ƙarfi ake yawan ganin su.

Kuɗin sayen maraƙin wani lokaci daga garken gida ne, uba ya sayar wa ɗansa a rubuce. Wani lokaci bashi ne daga bankin garin, ko daga ma'aikatar gona ta tarayya da ke ba matasa 'yan shekara 10 zuwa 20 ƙananan rance don irin wannan aiki. Daga ranar yaro ya zama mai kiwo. Sau biyu a rana, kafin motar makaranta ta zo da kuma bayan ta dawo da shi, zai auna abinci: niƙaƙƙiyar masara, ɗan ingirici, sinadarin gina jiki da gishiri. Idan sanyi ya daskarar da ruwan kwatarniya, shi zai fasa ƙanƙarar. Ana so san ya riƙa ƙara kilo ɗaya da ɗoriya kullum, har ya kai kilo 550 zuwa 650 ranar gasa. In aka yi gaggawar ƙara masa hatsi, cikinsa ya kumbura ko ya ƙi ci gaba ɗaya. In aka yi sanyin hannu, Yuli ya zo bai cika ba. Kowane buhu, kowace allura, kowace ziyarar likitan dabbobi, sai an shigar da ita a littafin lissafi. Ni a ganina littafin nan ya fi duk wani kambu daraja, domin a cikinsa ne ɗan shekara goma sha ɗaya ke fara gane cewa tsakanin abin da aka sayar da abin da aka ci riba akwai tafiya mai nisa.

Sai horo, wanda shi ne gwajin haƙuri na gaskiya. Maraƙin da ya tashi a makiyaya bai san ragama ba, kuma ya ninka mai shi nauyi sau takwas ko goma. Ƙarfi ba ya aiki a nan. Ana sa masa ragamar igiya a bar shi ya yi ta jan ta a ƙasa har ya saba, sannan a ɗaure shi a turke na ɗan lokaci kaɗan, a tsaya kusa ana sosa shi ana yi masa magana. Wasu yaran sukan bar rediyo a kunne a garke don ya saba da hayaniya. Tafiyar farko zuwa wurin shan ruwa ake yin ta, domin ya riga yana son zuwa can. Ana shan ja a ƙasa, ana shan taku a ƙafa, igiya na ƙona tafin hannu. Wata rana kawai sai yaron ya taka, san ya taka, ya tsaya, san ya tsaya. Daga nan yaro ya samu wani abu da ba wanda zai iya saya masa.

A makon baje koli, rumfar shanu takan farka kafin gari ya waye. Layin wurin wanka ke fara cika, ana goga sabulu ana fesa ruwa, yara sanye da takalman roba sun jiƙe sharkaf. Bayan wanka sai busarwa da wani inji mai hura iska, ana taje gashin zuwa gaba da sama. Manyan fankoki na ta kaɗawa, domin zafin Yuli a nan mai gumi ne, kuma baƙin sa mai ƙiba ba ya jure shi. An shimfiɗa dusar katako mai kauri a ƙarƙashinsu, kuma da zarar sa ya yi kashi, wani yaro ya taho da shebur. Tsabtar rumfar ma gasa ce mai zaman kanta tsakanin ƙungiyoyin ƙauyuka. A saman kowane sa an rataye allo mai sunansa da nauyinsa da sunan mai shi. A gefe iyaye na zaune kan akwatunan kayan aiki suna shan kofi, kakanni na zagayawa suna duba jikokin shanun da su ma suka taɓa nunawa a wannan rumfa.

Maganar gashi tana buƙatar bayani, don baƙo zai yi mamakin yadda ake wahala a kanta. Gashi mai yawa yana ba mai gyara damar sassaƙa siffar sa da injin aski: a rage nan, a bar can, a fesa gam a ƙafafu a tayar da gashin don ƙashi ya yi kamar ya fi kauri, gadon baya ya miƙe sambal. Saboda haka wasu gidajen ke ajiye shanunsu a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri duk tsawon yini tun daga farkon bazara, don jikinsu ya ɗauka hunturu bai wuce ba. Gwaninta ce, ban musa ba, amma ba wanda ke cin gashi. Wasu manyan gasanni a Teksas sun yanke maganar, suka ce kowane sa a aske shi ƙwal kafin ya shiga fili, kuma ina ganin sun kyauta wa yaran marasa hali.

Ranar gasa ana raba shanun rukuni-rukuni bisa nauyi. Kowane yaro ya shigo da lamba a baya, ragamar fata a hannun dama, doguwar sanda mai ɗan ƙugiya a hannun hagu, matsefi a aljihu. Su zagaya filin a jere, sannan su tsaya. Da sandar ake gyara tsayuwar sa, a ɗan danna tsakanin kofato ya ja ƙafa baya, a ɗan jawo ta gaba, sannan a yi ta sosa masa ciki a hankali don ya natsu. Alƙalin baƙo ne, daga wata gunduma ko wata jiha ake ɗauko shi. Ya duba daga nesa, ya duba daga baya, sannan ya zo ya ɗora hannu a kan haƙarƙari da gadon baya yana jin kaurin kitse da cikar tsoka. Ya sa a sake tafiya don ya ga yadda ƙafafu ke sauka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya yanke hukunci ya yi shiru. Yakan ɗauki lasifika ya bayyana wa kowa dalilinsa: na farko ya fi faɗin ƙugu kuma kitsensa ya kai daidai, na biyu ya fi tsayi amma da sauran 'yan makonni kafin ya cika, na biyar ƙafar bayansa ta cika miƙewa. Yaron da ya zo na ƙarshe ma ya fita da sanin abin da zai gyara. Kowa na samun ƙyallen yabo, shunayya ko shuɗi ko ja ko fari gwargwadon matakinsa. Idan aka tara zakarun rukunoni, alƙali ya yi ta kai da kawowa, wurin ya yi tsit, sai ya nufi guda ya daki ƙugunsa da tafin hannu, ya miƙa wa yaron hannu, rumfa ta kaure da tafi.

Akwai wata gasar da ba a duba san, mai shi ake dubawa: yadda yake riƙe kan dabbar, yadda yake bin alƙali da ido, ko ya taimaki na gabansa idan nasa ya ƙi tafiya. Alƙali na iya tambayarsa abin da yake ba san ya ci, ko a wane sashe na jiki ake samun nama mafi tsada. Wanda ubansa ya yi masa aikin duk shekara, a nan asirinsa ke tonuwa, domin sa ya san hannun da ke ba shi abinci.

Dole a faɗi abin da kuɗi ke yi wa wannan al'ada. Akwai masu kiwon da sana'arsu kenan, samar da maruƙan gasa, kuma ana sayen wasu da dubban daloli masu yawa, kuɗin da naman ba zai taɓa mayarwa ba. Wasu gidajen har ƙwararrun masu gyara suke ɗauka haya. A babbar gasar birnin Hiyuston, wadda aka fara a 1932, an sayi zakaran sa dala miliyan 1 a 2022, ko da yake wani kaso ƙayyadadde yaron ke samu, saura ya tafi asusun tallafin karatu. Inda irin wannan kuɗi ya shiga, kwaɗayi na biye. A 1994 an kama shanu da dama cikin waɗanda suka yi nasara a gasar jihar Ohayo da haramtaccen maganin ƙara tsoka ko kuma mai da aka ɗura musu a ƙarƙashin fata, abin da ya sa jihar ta yi doka a kai, kuma yanzu gwajin fitsarin zakaru ya zama ruwan dare. Ba yara ne suka ƙirƙiro wannan ba. Laifin manya ne, kuma abin takaici ne a ɗauki makarantar gaskiya a koya wa yaro algus a cikinta.

Gwanjon ranar ƙarshe a ƙaramar gunduma ba shi da alaƙa da miliyoyi. Masu saye maƙwabta ne: manajan banki, mai shagon abincin dabbobi, likitan dabbobi, dillalin motocin noma, kawu da ya haɗa kuɗi da abokansa. Suna sane suke biyan fiye da farashin kasuwa. Sun san ƙidayar 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomin Amurka ya haura 58, kuma garken ƙasar a farkon 2024 ya sauka zuwa kusan miliyan 87, mafi ƙaranci tun 1951. Kowa a garin ya ga gidajen gona da aka rufe, da makarantun da aka haɗe don ƙarancin ɗalibai. Wanda ya ɗaga hannu a gwanjon nan yana roƙon yaron ne ya zauna, ko in ya tafi jami'a ya dawo. Yaron kuma sai ya bi mai saye har mazauninsa ya yi godiya, daga baya ya aika masa wasiƙa da hannunsa.

Karsana takan koma gida ta zama uwar garke. Sa kuwa tun ran farko an san inda za shi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya yi wata da watanni yana kai wa ragon layya dusa da harawa, sannan ya ɓuya a ɗaki ranar Sallah, ya san abin da ke faruwa a bayan rumfa idan babbar motar mahauta ta tsaya. Yaran da kansu ke jan shanun zuwa bakin mota, su kwance ragama, su dawo da ita a hannu. Ƙanana na kuka a fili, manya na sunkuyar da hula. Iyaye ba sa hana su kukan, ba sa kuma yi musu ƙarya cewa za a kai shi wata gona ya huta. A ƙasar da yawancin mutane ba su san nama ba sai a leda cikin firji, waɗannan yaran sun san abin da ya ci kafin ya iso faranti.

Bayan 'yan kwanaki sakamakon mahauta ke zuwa ga waɗanda suka shiga gasar nama: nauyin gawar, wanda yawanci kashi 62 zuwa 64 cikin ɗari ne na nauyin san da rai, kaurin kitsen baya, faɗin tsokar gadon baya, da yawan zaren kitsen da ya ratsa cikin naman, wanda da shi ma'aikatar gona ke ba da daraja. Sau da yawa san da ya tsaya can ƙasan layi a fili, mai ƙarancin gashi, shi ke zuwa na ɗaya a wannan takarda. Yaron ya rubuta alƙaluman a shafin ƙarshe na littafinsa, ya cire kuɗin maraƙi da na abinci da bashin banki, ya ga abin da ya rage masa na sayen maraƙin baɗi.