Sayen fili a Daura: Abubuwan da ya kamata mai saye ya bincika kafin ya biya kuɗi

Wanda ya daɗe bai shiga Daura ba zai lura da yadda garin ya faɗaɗa. Gonakin bakin gari da a da ake noma gero da wake a cikinsu, da yawa yanzu an yanka su fuloti-fuloti ana neman masu saye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun mulkin marigayi Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, garin ya samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019, da asibitin sojojin sama. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, shi ma ya ratsa ta Daura.

Waɗannan ayyuka sun sa ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan garin mazauna Kano da Abuja neman fili. Sai dai inda ciniki ya yi zafi, nan ake samun fuloti ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, ko gonar gado da ɗa ɗaya ya sayar ba da sanin 'yan uwansa ba.

Abin da doka ta ce

Tun 1978 da aka kafa Dokar Amfani da Filaye, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana ga jama'a. Ke nan abin da mutum ke saya shi ne 'yancin zama a kan fili da amfani da shi.

Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da takardar mallakarsu, wadda aka fi sani da C of O, kuma galibi wa'adinta shekara 99 ne idan na gida ne. Na karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. A masarautar Daura wannan ya shafi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango.

Sashe na 22 na dokar ya haramta wa mai takardar gwamna ya sayar ko ya jinginar da filinsa sai da amincewar gwamnan, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Don haka ganin C of O a hannun mai sayarwa bai wadatar ba, sai an mayar da sunan mai saye a rajistar gwamnati.

Awon igiya da awon gwamnati

Tambayar farko da ya kamata a yi wa dillali ita ce: filin awon gwamnati ne ko awon igiya?

Awon gwamnati yana da taswira da lambar fuloti, an kuma ware hanyoyi da magudanan ruwa. Awon igiya kuwa mai gona ne ya yanka gonarsa da kansa. Ya fi araha, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke komawa can, amma sau da yawa ana matse hanya don a samu ƙarin fuloti, kuma ba a barin wurin makaranta ko maƙabarta.

Takardar da mai unguwa ko dagaci ke sa wa hannu tana da amfani, domin tana nuna an yi ciniki a gaban shaidun da suka san filin da iyakokinsa. Amma ba ta hana gwamnati karɓar wurin idan ya faɗa cikin wani tsari nata.

A nan ne asarar mai fili maras gini ta fi muni. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda aikin da zai amfani jama'a, kamar titi ko layin dogo. Diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta fi karkata ne ga abin da aka yi a kan filin, wato gini ko amfanin gona. Wanda ya zuba miliyoyi a fili ya bar shi haka nan na iya samun abin da bai kai kuɗin da ya biya ba.

Ziyara guda zuwa Ma'aikatar Filaye ta Jihar Katsina, ko hukumar KATGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta, na iya nuna ko lambar fayil ɗin ta gaskiya ce, da sunan wanda ke kai, da ko an jinginar da filin a banki. Hukumar tsara birane ta jihar kuma ita ke da bayanin ko an yarda a yi gida a wurin.

Idan gonar gado ce

Filaye da yawa a bakin garuruwan masarautar asalinsu gonakin gado ne. Idan ba a raba gadon ba, babu magajin da ke da ikon sayar da gonar shi kaɗai, ko da shi ne babba a gidan.

Mata da 'ya'ya mata suna da kasonsu a shari'a, haka ma marayun da ba su balaga ba. 'Yar da ke aure a Zinder ko Kazaure tana iya zuwa bayan shekaru ta kai ƙara kotun shari'a, alhali mai saye ya riga ya kai gini linta.

A mazhabar Malikiyya akwai kuma haƙƙin shufu'a: idan ɗaya daga masu tarayya a fili ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, abokin tarayyarsa na da damar biyan kuɗin ya karɓe kason.

Mafita ita ce a nemi takardar rabon gado, ko a tara magadan gaba ɗaya su sa hannu a gaban shaidu.

A taka ƙafa a je wurin

Hoton da dillali ya turo ta WhatsApp ba ya nuna kududdufin da aka cike da shara, ko kwarin da ruwa ke bi. Wanda ya ga fili da rani, yana da kyau ya tambayi maƙwabta yadda wurin yake a watan Agusta.

A duba ko filin na ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko ya shiga gefen titi, ko burtali, ko dajin gwamnati. Wuraren nan an hana gini a kansu, ko da wa ya sa hannu a takardar.

Sannan a kawo safiyo ya auna. Fulotin da aka ce ƙafa 50 ne a kan 100 yakan ragu idan aka ja igiya, kuma a gaban maƙwabta ya kamata a kafa turakun iyaka.

Wajen biyan kuɗi

Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Idan ya ce wani na tafe da kuɗi gobe, wannan ba dalilin ba da kafin alƙalami ba ne kafin a gama bincike.

A biya ta banki, cikin asusun mai filin kansa, domin a samu shaida. Takardar ciniki ta ƙunshi sunaye da girman fili da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa da kuma kuɗin da aka biya. Kuɗin lauyan da zai rubuta ta bai kai na shari'ar shekara guda ba.

Bayan saye, a fara neman takardar mallaka nan take, a kuma kewaye filin ko a ba wani amintacce ya riƙa nomawa. Filin da aka bari shekaru babu mai leƙawa shi ne ya fi sauƙin sake sayarwa ga wani.